Duhun Maƙerar Malam Sule

Zuwa ga aminina, Malam Sule maƙeri,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah ya yalwata makwancinka. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba. Ko kana raye ma da miƙo min ita za ka yi in karanta maka, don kai boko bai taɓa damunka ba. Amma akwai maganar da ta tsaya min a rai, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa sai kai.

Gida lafiya. An yi ruwa a wajen Shanono, mu nan Tsanyawa hadari ne kawai yake haɗuwa ya watse. Kowa ya kai taki gona, ana jira. Maiɗakinka tana nan ƙalau, ƙafar ce dai take matsa mata. Habibu ɗanka ya baro Kano da iyalinsa ya zauna a maƙerarka, abin da ka yi ta fata har ka tafi ba ka gani ba.

To, Sule, na karya alkawarin da na yi maka.

Ka tuna lokacin da na dawo daga birni da injin waldata, ina jin ba kamar ni? Ni ɗan manomi ne, babu ƙira a zuriyarmu. Garmar shanun da nake haɗawa kyakkyawa ce kamar ta kamfani, amma da bakinta ya ci karo da tsakuwa, ko ya lanƙwashe ko ya tsage. Manoman Kunci suka riƙa dawo min da su. Rannan ka zo shagona, ka ɗauki baki ɗaya ka jujjuya, ka ce in biyo ka. Ka shigar da ni ɗakin nan naka mai duhu, wanda nake yi maka tsiya ina cewa kamar rumbu. A nan ka nuna min cewa ba a gane zafin ƙarfe a cikin haske. Ka sa guntun ƙarfen sifirin mota a gawayin ƙirya har ya yi ja irin na busasshen barkono, ka tsoma bakinsa kaɗai a baƙin mai, ka ciro ka goge da dutse, ka jira zafi ya gangaro har launin ya koma kamar ɓawon albasa. Sai a lokacin ka kai shi ruwa. Daga nan ka sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba, domin yayanka Baba Dauda da sauran gidanku ba sa fitar da wannan ga bare.

Na riƙe. Kuma ba zan ɓoye maka ba, riƙewar ta yi min daɗi. Duk wanda ya tambaye ni, sai in ce da kaina na gano. Shagon nan da gumina na gina shi, injinan nan ba wanda ya saya min ko ɗaya, Makka ma da ƙarfina na je, wannan kam ba ƙarya. Amma bakin garmar da ya kawo duk waɗannan, naka ne. Kana ji ina cika baki a kasuwa, sai dai ka yi murmushi ka ci gaba da cin goronka. Me ya sa ka koya min, Sule? Ni da na zo in raba ka da masu saye? Ban taɓa tambayarka ba, ban kuma taɓa yi maka godiyar kirki ba.

Habibu yana da hannu, wallahi dukan masabarsa naka ne sak. Sai dai ya bar gida tun kafin ka kai shi wannan mataki. Da ya dawo ya ga ɗakin da duhu da zafi, sai ya rushe bangon gabas ya kafa rumfar kwano, wai don iska da haske. Tun daga nan duk bakin garmar da ya ƙera tsagewa yake yi. Baba Dauda kuwa ido ya yi rauni, bai ma lura da illar rushe bangon ba, cewa yake baki ne aka yi wa yaron. Mutane suka fara cewa ƙira ta bi Sule kabari. Masu sayenka suka dawo wajena, har aiki ya fi ƙarfinmu.

Da na yi shiru, wa zai zarge ni? Alkawari na riƙe. Amma damina ta ƙarato, kuma na ji Habibu yana cewa idan wannan ta wuce shi a haka, zai rufe ya koma Kano. Ka ga ke nan wutar da kakanninku suka hura ta mutu, alhali maganin yana hannuna, kuma daga gidan aka ba ni shi.

Sai na je. Ya karɓe ni da ladabi, ya shimfiɗa min tabarma, yana Baba Garba, Baba Garba. Da na kawo maganar bangon, sai ya nuna min a hankali cewa walda daban, ƙira daban. Ɗanka ne, ai ka san kansa. Na ga ba zai karɓa daga mai walda ba, sai dai daga ubansa. Baba Dauda yana zaune a gefe, amma na faɗa. Na ce duk abin da na sani na bakin garma, a ɗakin nan na koya, kuma kai ka koya min.

Jin haka Habibu ya yarda mu gwada. Muka rataya zana da tsofaffin buhuna a inda bangon yake a da. Da duhun ya dawo, ƙamshin gawayi ya tashi, sai da na juya baya na share ido. Na ja masa zugazugi, ni Alhaji Garba, ya riƙe awartaki. Da launin albasar nan ya gangaro bakin ƙarfen, na ga ya gani. Nan take ya kai shi ruwa.

Bakin da muka yi rannan, wani manomi ya gwada shi a fako mai tsakuwa, ko gezau. Habibu ya fara buga tubali zai mayar da bangon.

Amma ga abin da yake damuna. Baba Dauda tun ranar bai ƙara amsa gaisuwata ba. Yana cewa ka ci amanar gida. A kasuwa ana min dariya, wai ashe mai ganowa da kansa ma yana da malami. Wannan bai dame ni ba sosai, na iya da su. Wanda ya dame ni shi ne na ɓata ka a wajen yayanka, a lokacin da ba ka da bakin kare kanka. Zan ci gaba da zuwa ina gaishe shi, ko ya amsa ko bai amsa ba.

Ka yafe min, Sule. Ban san ko da kana nan za ka yarda ba. Abin da na sani shi ne yau da safe na bi ta ƙofar gidanku, na ji masaba tana tashi, kuma na ga manoma a zaune suna jiran aiki.

Allah ya jiƙanka, ya sa Aljanna ce makomarka, ya haɗa mu da alheri.

Naka har kullum,
Garba mai walda, wanda ka koya wa ƙira.