Kaskon Garwashi a Motar Baba

Gwaggo Hadiza,

Gaisuwa mai yawa. Yaya sanyi, yaya yara?

Ranar Juma'a Baba ya kwana cikin kamyonsa a Dumega, yana jiran lodin gyaɗa. Ya shiga da kaskon garwashi, ya rufe gilasai. Da safe abokansa suka fito da shi a some. Ya farfaɗo, alhamdu lillahi.

Ni na ɗaure masa gawayin. An koya mana haɗarin hayaƙinsa a lakwal, wato makaranta, amma ni 'yar fari ce, ko ido ba ma haɗawa, sai na yi shiru.

Ya ce aljani ne ya taɓa shi, kaskon kuma yana nan cikin mota. Ke ce yayarsa, ke yake saurara. Don Allah ki aiko masa da magana, ki haɗa da bargo.

Ki gaida Kawu, a sa mu a addu'a.

'Yarki, Mariyama