Ƙarar da ke gaban motarka

Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya sanyin Jos, ya iyali?

Motarka da ka bar mini ta fara ƙwal-ƙwal a gaba duk sanda ta faɗa rami, sai na kai wa Malam Bello makanike a Gwadangaji. Yaya, mutumin nan gwani ne. Ko bonet bai buɗe ba. Ya ɗaga ta da jak, ya girgiza tayar hagu, ya ce bol-joyin, ƙarfen da ke riƙe taya, ya cinye, da na kama hanyar Argungu da taya ta fita. Ya canza, ƙara ta ɗauke.

Ga shi da kawaici. Ya ga tsabar shinkafa a kujerar baya, bai tambaye ni buhu nawa nake aza wa motar ba. Kai ma ka yi koyi da shi.

A gaida kowa, a sa mu addu'a.

Ƙanenka,
Umaru