Kunnena da Hedfon ɗin Mahfuz

Umarari, Maiduguri

Zuwa ga Yaya Rumaisa'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta iske ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar taki? Ina fata kin daina hawa benen nan ba dalili. Ni a nan alhamdu lillahi. Damina ta zauna, garin ya ɗan yi sanyi, sauro kuma ya samu abin da yake so.

Na san ranki ya ɓaci da ni. Na kira ki na ce a share mini ɗakin zaure zan dawo Kano gaba ɗaya, kika tambayi dalili na kashe waya, daga nan kuma na daina ɗauka. Maganar ba ta waya ba ce, shi ya sa na zauna na rubuta. A taƙaice dai ba zan dawo yanzu ba, kuma lafiya ce ta hana.

Kin tuna hedfon ɗin da ɗanki Mahfuz ya aiko mini daga Jamus bara? Ban taɓa yi miki bayaninsa ba, don na san za ki ce abin toshe kunne ne kawai. Yaya, tun da na fara aikin gyaran sauti a gidajen shirya shirye-shiryen rediyo ban riƙe irinsa ba. Baka ɗin da ke hawa kai ƙarfe ne aka naɗe da fata, ko'ina sukurori ne, babu inda aka liƙa da gam. Matashin kunnen karan-miski ne mai laushi, yana zagaye kunne ba ya danne shi. Nakan sa shi tun safe har azahar ban ji kaina ya ɗaure ba, alhali na ofis da nake amfani da shi a da, kafin hantsi ya jiƙa ni da gumi. Babban abin da ya bambanta shi, bayansa a buɗe yake. Maimakon murfi, raga ce ta ƙarfe mai ƙananan ƙofofi, iska na shiga tana fita. Saboda haka sautin ba ya taruwa a cikin kai, sai ka ji kamar kana zaune a ɗakin da aka ɗauki maganar. Akwai wata tsohuwa da muka ɗauka a unguwar Abbaganaram tana ba da labarin rini, da na saurara har ƙarar awarwaronta na ji, da inda ta haɗiye yawu kafin ta ambaci mijinta.

Yana da aibinsa, ba zan ɓoye ba. Duk abin da ke waje yana shigo maka, in aka tada janareta sai ka haƙura. Kuma abin da kake ji, na kusa da kai ma yana ji. Ya Fanna, mai gabatar da shirin mata da teburinta ke jikin nawa, kullum sai ta yi ƙorafi, wai an sayo wa Bakano rariya ya ɗora a kai yana damun jama'a.

To, a farkon damina aka tura ni Biu ɗaukar hira da manoma. Ba a fita da irinsa daji, sai na bar shi a rataye a ofis. Da na dawo na sa shi, sai na ji komai ya dushe. Muryoyi sun yi kauri kamar ana magana cikin tulu, siraran sautuka duk sun ɓace. Na canza waya, na canza na'ura, na duba shi ciki da waje ban ga ko ƙwarzane ba. Na ɗauko tsohon na ofis na gwada, shi kuma dama can a dushe yake, bai gaya mini komai ba. Nan gabana ya faɗi, domin na tuna yadda na Baba ya fara. Ba rana ɗaya ya kurmance ba. Da farko cewa yake yi mutane sun daina buɗe baki in suna magana. Ni kuma na yi shekaru da hayaniya a kunne, ga shekarun da garin nan ya sha ƙarar da ba sai na faɗa miki ba.

Ban gaya wa kowa ba. Mai gyaran sauti in ya ce kunnensa ya taɓu, ya sallami kansa da bakinsa. Na ci gaba da aiki ina ƙara ƙarfin sauti, ina ƙara wa muryoyi kaifi don in ji su daidai. Sai ga masu sauraro sun fara aiko da ƙorafi cewa shirinmu yana tsire musu kunne. Oga ya kira ni ya tambaya ko lafiya. Na ce masa na gaji ne, ƙarshen wata zan tafi gida. Abin da ya fi ci mini rai, Yaya, bai ce in sake tunani ba. Ya ce Allah Ya sa hakan ne alheri, washegari na ga wani ɗan ƙanensa a kan kujerata ana nuna masa maɓallai. Duk shekarun da na yi musu, da azumi da salla ina nesa da ku, abin da na samu ke nan. A ranar ce na kira ki.

Ya Fanna ce Allah Ya kawo sauƙin ta bakinta, ba tare da ta sani ba. Muna cin abinci da rana ta ce, "Malam Bala, Allah Ya saka maka, tun da ka dawo daga Biu muka huta da rediyon kanka." Na ajiye cokali. Ni da na ƙure sauti har ƙarshe, yaya za a yi ta daina ji? Na tashi ban wanke hannu ba, na haska fitilar waya cikin ragar, sai na hango wani abu baƙi yana ƙyalli. Na kwance sukurorin, sai ga baƙar leda an yanka ta daidai da'ira, an ɗora soso a bayanta, an mayar da raga tsaf, kowane ɓangare.

Aikin dattijon da ke kula mana da kayan aiki ne, Ba Ajimi muke ce masa. Kin san zanzaro, duk ramin da ya samu sai ya cika shi da laka. Bara zanzaron ya lalata mana na'urar haɗa sauti, aka yi wa Ba Ajimi faɗa a gaban yara. Tun daga nan ba ya barin ƙofa a buɗe a jikin kowace na'ura, in damina ta zo sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya toshe. Ya ce ya ga zanzaro yana shawagi kusa da abin nawa, ya ga ramuka sun fi ɗari, ya san kuma daga nesa aka aiko mini, shi ya sa ya yi masa aiki na musamman yadda ba zai ɓata masa kyau ba. Bai faɗa ba don ba ya son godiya. Na so in yi masa tsawa, wallahi na so. Amma na dubi yadda ya yanka ledar nan ba ko karkata, na san mutumin nan ya fi kowa a ofis ɗin damuwa da ni. Da na gaya masa abin da na yi zato, sai ya zauna a kan benci ya riƙe kai, ni na koma ina ba shi haƙuri.

Na cire ledar da soson, na mayar da ragar na sa shi a kunne, na kunna hirar Biu. Sai ga kukan tsuntsaye a bayan manomin, ga ƙarar fartanyar wani can nesa. Na daɗe a zaune ban taɓa komai ba.

Duk da haka na je asibiti aka gwada ni. Likita ta ce na hagu ya ɗan ja baya kaɗan, irin na shekaru, amma zan yi aiki da shi har in gaji, in dai na rage ƙarfin sauti ina kuma hutawa. Na koma wurin oga na janye maganata. Ya karɓa, da sharaɗin in sake gyara duk shirye-shiryen da na ɓata, kuma in koya wa ɗan ƙanen nasa aiki. Na yarda. Yaron ba shi da laifi, kuma yana da kunne. Abin da ogan ya nuna mini dai na gani, na ajiye.

Saboda haka a bar ɗakin zaure yadda yake. Ki gaishe da Baba, kada a gaya masa wannan labarin. Ki gaishe da Alhaji Habib, da Muhsinat da jaririnta, da Inna Ladi. Ki ce wa Mahfuz kayansa na nan lafiya, Allah Ya yi masa albarka. Zan kira ki ranar Juma'a bayan an sauko. Ki yi magana a hankali yadda kika saba, ina ji.

Ƙaninki,
Bala