Madam da Masinja

Matata,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Auta, ya zaman asibiti? Allah ya ƙara sauƙi. Na rubuto a takarda ne don na san wayarki kullum tana hannunta.

Kifayenta biyun nan masu launin lemo da farar ɗamara sun hana ni sukuni. Babbar, wadda take kira Madam, ta sa ƙaramin a gaba, Masinja. Ta kore shi daga bakin kogo, ta ciji jelarsa, shi kuwa sai ya karkace yana karkarwa kamar mai zazzaɓi. Tsoro nake in wayi gari ya mutu, alhali likita ya ce kada a tayar wa yarinyar nan hankali.

Na san ta manna takarda a jikin gilashin tankinsu cewa kada in sa musu hannu. Amma ni mai raba faɗa ne tun ina makaranta. Na sayo ƙaramin tanki, na haɗa ruwan gishiri yadda ta koya mini, na mayar da shi can. Kada ki faɗa mata.

Ki shafa mini kanta.
Baban Auta

Matata,

Ina fatan kun tashi lafiya. Na ji an sa ranar aikin zuciyar.

Wata biyu ke nan Masinja yana zaune shi kaɗai. Ya yi ƙiba, ya yi duhu, har hannuna yake kai wa cizo. Da kika ce Auta tana son hotonsu tare, sai na mayar da shi wurin Madam. Wallahi ban taɓa ganin irin wannan ba. Bai karkace ba, bai yi karkarwa ba. Suka kama bakin juna suna juyi, yashi ya turnuƙe ruwan.

Na ruga wurin mai sayar da kifi. Ya riƙe kai. Wai karkarwar nan ba ciwo ba ce, haka namijin yake nuna ya miƙa wuya, macen kuma sai ta ƙyale shi. In aka bar shi shi kaɗai, rikiɗa yake ya zama mace, kuma ba ya komawa. Mata biyu ba sa zama a tanki guda. Ni da na tafi can don neman shawara, ban ma raba su ba kafin in fita.

Ki ce mata wayata ta lalace.
Baban Auta

Matata,

Ina gaishe ku, ya ƙarfin jikinta?

Madam ta mutu. Na tarar da ita a bayan dutse, baki a yage. Na yi niyyar sayo wata mai kama da ita, sai na tuna Auta ta san kowane layi a jikinta. Shekara huɗu tana ciyar da ita.

Gobe zan taso, in kasance a ƙofar ɗakin tiyata ranar Litinin. Kada ki ce komai kafin a shiga da ita. In an fito, ni zan faɗa mata da bakina. Ta yi mini faɗa son ranta, ta daina yi mini magana shekara guda, na yarda. Ni dai ta farka ta yi.

Naki,
Baban Auta