Allon Tagullar da Aka Ce In Kafa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Ladi,

Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji, amin.

Inna, ke shaida ce ba wanda ya ɗora ni. Da takardar sakandare kaɗai na bar Ushafa. Walda da idona na koye ta a Mpape, sassaƙar ƙarfe kuma yatsuna ne suka biya kuɗin makarantarta. Hukumar nan mai harkar sararin samaniya na shige ta ba da wasiƙar kowa ba. Teburin da muke ɗaure tauraron ɗan'adam mu jijjiga shi yadda roka za ta jijjiga shi, duk maɗauransa aikin hannuna ne.

Kin tuna in kin kwashe tukwane daga wuta, sai kin ƙwanƙwasa kowacce kafin ta je kasuwa? Kikan ce mai tsaga ba ta iya ɓoye muryarta.

Haka na yi ana gobe gwaji. Na ɗauki 'yar sifana na bi ƙarafan da ke riƙe da batir ɗin tauraron ina ƙwanƙwasawa. Uku suka yi amo, na huɗu ya amsa a dushe. Na gaya wa oga. Masu digirin nan suka tuntsure da dariya, wai ɗan mai tukwane ya zo da bokanci, ai kwamfuta ta ce lafiya lau. Na ce to wani ya ɗaure tauraron a teburin, ba dai ni ba. Don a kunyata ni aka haska ƙarfen a na'ura. Tsaga ce, Inna, siririya kamar gashi. Da an jijjiga shi haka, da aikin shekaru ya tarwatse a gabanmu.

Ko sannu ban samu ba. Rahoto ya fito, wai injiniyoyi ne suka gano. Su aka kai ƙasar waje kallon harbawa, ni kuwa a talabijin ɗin kantin ma'aikata na gani, a tsaye.

Yanzu saura wata biyu in yi ritaya, sai ga allon tagulla da sunayen waɗanda suka yi aikin. Ni aka kawo wa in huda shi in kafa a bakin ƙofa! Sau uku na karanta. Har wanda bai taɓa riƙe sifana ba yana ciki. Ban da ni.

Da kina nan da kin shafa kaina kin ce in bar wa Allah. Yafe mini, Innata, wannan karon ba zan iya ba. Ina da ƙarafan buga haruffa a aljihun teburina, minti goma ya ishe ni in sa kaina. Ba zan saci abin da yake nawa ba. Allon yana jingine, ban huda ba.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sanyaya miki makwanci. Su kuma, in suna son ya hau bango, su rubuta da hannunsu: Ɗanjuma Bawa Ushafa.

Ɗanki,
Ɗanjuma