Katakon Birkin Gum-rye

Litinin, 19 ga Agusta

Birkin Tsohuwa, babbar motata, ya yi laushi. Na taka ya tafi har ƙasa kamar na taka dafaffen dankali. Iska ce ta shige shi.

Shekara saba'in da wani abu tun da sojojin Amurka suka bar ta a ƙasar nan, talatin daga ciki tana jigilar gungume a duwatsun Jeongseon da ni a kanta. Yanzu ba ta ɗaukar komai sai lokacina. Amma kafin bikin kaka na Chuseok dole in hau dutse in yanke ciyawar kabarin matata Gum-rye, karon farko tun da muka kai ta. Kilomita huɗu ne a tsohuwar hanyar masu katako. Gwiwoyina ba za su kai ni ba, ƙaramar mota kuma ko rafin farko ba za ta haye ba. Hawa ba wuya. Saukowa ce ke son birki.

Laraba, 21 ga Agusta

Na sa sabon tiyo, na cika mai. Saura fitar da iska, aikin mutum biyu: ɗaya a sama yana takawa, ɗaya a ƙasa yana kwance noti. Shekara arba'in da ɗaya Gum-rye ce a sama. In ce "Taka!" ta ce "Na taka!" In ce "Riƙe!" ta ce "Baban Son-ok, ka yi sauri, miyata na kan wuta."

Katakon da na ɗaura mata a kan birki, don ƙafarta ta kai, yana nan a rataye. Na ciro shi, na rasa abin da zan yi da shi, na mayar.

Alhamis, 22 ga Agusta

'Yata Son-ok ta bugo daga Incheon. Aiki ya hana ta zuwa sai ranar bikin. Wai in kira kawunta, ai tsallaken rafi kawai yake. Na ce to. Ta ce, "Baba, na san wannan to ɗin naka."

Dal-ho, yayan Gum-rye. Wata tara ba mu ce wa juna uffan ba. Ranar jana'iza, gaban kowa, ya ce, "Da ma ƙarfe ka aura, ƙanwata aikatau ta zo yi." Ranar da ta faɗi a kicin ina ƙarƙashin motar nan, rediyo na ta ihu a kunnena. Awa biyu tana kwance kafin in same ta. Ko ta kira ni, ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba.

Asabar, 24 ga Agusta

Na dafa shinkafar mutum biyu, yau ma. Hannun nan ba ya jin magana.

Lahadi, 25 ga Agusta

Na yi dabara. Na taka, na tokare birkin da sanda a jikin kujera, na sauko, na kwanta, na kwance noti, na ɗaure, na sake hawa. Sau ashirin da uku, ƙidaya nake yi. Da yamma ban iya tsugunno ba. A karo na goma sha wani abu na ji bakina ya ce "Riƙe!" da ƙarfi. Karen maƙwabta ne ya amsa.

Talata, 27 ga Agusta

Wawa, tsohon wawa! Na gwada ta a gangaren tsakar gida. Birki ya kama, ya kama, sai ya saki. Tsohuwa ta tafi a hankali, ina kallo, ta daki randunan Gum-rye. Babbar ta fashe, ta daddawar waken da ta haɗa da hannunta, ta ƙarshe. Cokali-cokali nake ɗiba tun hunturu don ta kai ni baɗi.

Na durƙusa ina kwasa da tafin hannu, har da ƙasa. Na yi kuka, a nan zan faɗa tunda ba mai karantawa.

Da na ɗaga kai, ga Dal-ho a bakin ƙofa, hannu a baya. Ƙarar ce ta kawo shi. Ya dubi randar, ya dubi sandar da ke kan kujera.

"Da sanda ka maye gurbinta?"

Na ce masa ya fita mini daga gida. Ya fita, bai ko yi sauri ba.

Laraba, 28 ga Agusta

Ruwa wuni guda. Tsakar gida sai warin daddawa. Na yanke shawara: zan hau haka nan, in birki ya ƙi a saukowa, oho.

Alhamis, 29 ga Agusta

Ina ƙarƙashin Tsohuwa da hantsi, sai na ji ƙofar direba ta yi ƙara, motar ta ɗan lotsa. Takalmin roba ɗaya na gani yana bin ɗan'uwansa sama. Ba sallama. Ni a ƙasa, shi a sama.

Sai Dal-ho ya kira sunana, ya ce, "Pyo, kai mutuwa ka yi a can ne? Ka yi magana mana."

Na ce, "Taka."

"Ƙafata ba ta kai ba. Wane irin dogon banza ne ya kafa kujerar nan?"

Na fito, na ciro katakon, na ɗaura. Ya daɗe yana kallon inda takalminta ya cinye gefensa. Ya ɗora ƙafa. Cif, kamar don shi aka yanka. Duk gidansu gajerun ƙafa ne.

Taya bayan taya muka bi. Taka, riƙe, saki. A ta ƙarshe, ina ɗaure noti, ya ce, ba da ƙarfi ba, "Ni ma ranar ina gida. Na ga hayaƙin kicin ɗinta ya mutu tun safe, na ce bari in gama cin abinci." Ban ga fuskarsa ba, shi ma bai ga tawa ba. Na ce, "Riƙe, Yaya." Ya ce, "Na riƙe."

Birki ya yi tauri kamar dutse.

Lahadi, 1 ga Satumba

Kafin mu tashi Dal-ho ya zuba wa kowace taya barasar shinkafa, ya ɗaure busasshen kifi da farin zare a gaban gilashi, yadda Gum-rye ta saba yi duk shekara. Ya ce ba don ni ba, don kansa, bai yarda da aikina ba.

A kabarin, ciyawa ta kai ƙugu. Ni na yanka, shi ya kwashe. Ya gaya wa Gum-rye na fasa randa, kai tsaye, ko kara bai yi mini ba. A saukowa ya riƙe ƙofa yana zagin tuƙina har bakin rafi.

Tsoho ne mai baƙar magana, ban ce mun shirya ba. Shinkafar mutum biyu na sake dafawa. Babu saura.