Buhun Marayu Biyu Suna Ƙarƙashin Gadona

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da duk wanda idonsa zai kai kan wannan takarda. Tun kafin in shiga bayani, ni ne mai laifi. Ba wanda ya sa ni, ba wanda ya ruɗe ni, da hankalina na aikata. Roƙona ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, ku kuma sakaya sunana. Sunayen da za ku gani a nan ma duk na canza su.

Ni direba ne a Alƙahira. Karatuna bai wuce allo da firamare ba. Maigidana ma'aikacin ofishin jakadanci ne, yana zaune a Zamalek, unguwar manya, shi ya taho da ni daga gida lokacin da aka turo shi. Ni kuwa ina haya a wani ɗaki can saman bene a Ainu Shams, unguwar da ɗalibanmu suka yi yawa. A nan Usta ake ce wa direba, haka kowa ke kirana. Matata da yarana biyu suna gida. Kafin in kama tuƙi na koyi ɗinki, kuma baɗi wa'adin maigida zai cika, kowa ya kama gabansa. Shi ya sa na yi ta tsimi, ina cin wake da burodi safe da yamma, har na sayi kan keken ɗinki. An taɓa amfani da shi, amma lafiyayye ne, ƙarfe zalla. Nauyin nan nasa shi ya zame mini matsala. Duk ɗalibin da zai tafi hutu, in na roƙe shi ya kai mini gida, sai ya ɗaga ya dire ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri Usta, littattafaina kaɗai sun cinye kilon da aka ba ni."

Farkon daminar bana guguwa ta faɗa wa wani gari da ke maƙwabtaka da namu, garin da tun ina yaro muke cin kasuwarsa. Iska ta yaye rufin gidaje, ruwa ya biyo baya, katangu suka faɗa wa mutane. Waɗanda suka tsira aka tara su a azuzuwan firamare, suna kwana a kan siminti, cikinsu da yaran da suka rasa uwa da uba rana ɗaya. Da labari ya iso, shugaban ɗalibai, Ustaz Nuhu, ya tashi tsaye. Matan ma'aikatanmu na Zamalek suka ba da zannuwa da kayan yara, ɗalibai suka ba da barguna, wani ma nasa ɗaya tak ya cire daga kan katifa. Maigidana ya yi ta kai da kawo har aka yarda a ɗauki kayan kyauta a jirgin da zai je Kano, amma aka yanka iyakar nauyin da ba za a wuce ba. Ustaz ya aro sikeli wajen mai albasar ƙasan beninsu, aka auna buhunan ɗaya bayan ɗaya har suka cika daidai.

Akwai wata dattijuwa a unguwarmu, Hajja Asabe, Bahaushiyar Sudan ce, ita ke yi mana tuwo ranar Juma'a. Ɗa ɗaya Allah ya ba ta, zazzaɓi ya ɗauke shi yana ƙarami, tun kafin in zo ƙasar nan. Ranar da ake auna kaya sai ga ta da ƙunshi a ka, ta hawo bene tana haki. Ta kwance a gabanmu: 'yan jallabiyoyi, hula, da wata shuɗiyar rigar sanyi da ta saƙa da hannunta, duk suna ƙamshin turaren sandal, don kowace shekara sai ta turara su. Ustaz ya ce, "Hajja, kin tabbata?" Ta ce, "Mai su ba ya jin sanyi yanzu." Sai ta juyo gare ni ta ce, "Ɗana, kai ne mai kaiwa filin jirgi ko? To a hannunka na sa."

Ranar kai kaya Ustaz yana da jarrabawa, ni kaɗai na tafi. Na loda buhunan da safe, na kama hanya, ina tafe zuciyata tana ce mini yaushe za ka ƙara samun jirgi kyauta? Masu awo a can nauyi kawai suke dubawa, wa zai ƙirga buhu? Ban san lokacin da na karya kan mota zuwa ƙofar beninmu ba. A'a, ƙarya nake, na sani sarai. Na ciro buhu biyu da suka fi kusa da ƙofa, na hau da su ɗakina. Na naɗe keken a tsohon bargo, na rubuta sunana da na garinmu da fenti a gindinsa, na zura shi a buhu irin nasu, na ɗinke da basilla, na ɗaura jan ƙyalle a kunnen buhun don ƙanena da ke gida ya gane shi in an sauke. Mai gadin beninmu, Ammu Sayyid, yana zaune a kan bencinsa yana kallona. Ya ce, "Ya Usta, ni na san kayan sadaka da fita, yau kuma na ga suna hawa bene." Na ce na maigida ne. Ya kurɓi shayinsa ya ce, "Tamam, shi ke nan."

Na gaya wa kaina aro na yi, jirgi na gaba zan aika su. Wane jirgi? Alfarma ce aka yi sau ɗaya. Da na dawo na buɗe ƙofar ɗakina, ƙamshin sandal ya tare ni. A cikin dukan buhunan nan, ashe har da wanda ƙunshin Hajja yake ciki na ɗauko. Ɗayan kuma barguna ne. Na tura su ƙarƙashin gado, na saki zanin gado har ƙasa.

Na ɗauki magana a kaset na ba wani ɗalibi ya kai wa ƙanena, na ce ya je ya tsaya inda za a sauke kaya ya ɗauki buhu mai jan ƙyalle. Ɗalibin ya tsaya bikin ɗan'uwansa a Kano, saƙon ya makara. Bayan wata biyu kaset ɗin ƙanena ya iso. Ya gaishe ni, ya ba ni labarin gida da gona, can sai ya rage murya ya ce, "Yaya, maganar keke kuma, ka bar ta. Ranar da na isa an riga an raba kaya a gaban dagaci. Da aka farke buhunka aka ga keke da sunanka, sai aka ce ai sadakarka ce. An ba wata mata, Laure, wadda katanga ta kashe mijinta da ƙaninsa, ga 'ya'yanta ga marayun ƙanin mijin duk a hannunta. Da aka ji ni ƙanenka ne, tsofaffi suka rufe ni da addu'a, matar nan ta durƙusa tana kuka. Yaya, da wane baki zan ce kuskure ne? Na ce musu ai haka halinka yake."

Da ɗalibai suka dawo hutu aka yi taro a gidan Ustaz Nuhu, shi da ya je ya tsaya a kan rabon da kansa. Maigida ma ya zo. Ustaz ya miƙe ya ce akwai wani bawan Allah a cikinmu wanda ba shi da digiri ba shi da ofis, amma ya fi mu duka, domin ya saka abin sana'arsa a ɓoye ko shi da ya auna kayan bai sani ba. Ya ce yanzu da keken nan Laure take ciyar da yara. Aka yi ta kabbara, ana dafa kafaɗata. Wani ɗalibi ya ce, "Usta, ashe duk roƙon da kake mana mu ɗaukar maka keke, aljanna kake neman mai kai maka." Aka yi dariya, ni ma na yi. Maigida ya ce, "Shekara nawa muna tare, ban san haka kake ba." Na ce, "Ranka ya daɗe, ba komai." Ba komai fa na ce.

Sai Ustaz ya canza fuska ya ce amma akwai abin baƙin ciki. Kaya sun yi ƙasa da abin da aka auna, barguna ba su isa ba. Manya masu ƙarfin turereniya sun samu, marayun da ba su da mai tsaya musu su ne a ƙarshen layi, har sai da aka sa almakashi ana raba bargo ɗaya gida biyu. Ya ce ba shakka masu dakon kaya ne suka yi hannu a hanya. Ya ɗaga hannu ya ce duk wanda ya taɓa kayan marayu, Allah ya isa. Ɗaki ya ɗauka da amin. Ina tsakiyarsu, hannun wani yana kan kafaɗata. Me kuke so in yi? Na ce amin.

Tun daga ranar ba ni da sukuni. In sayar da kayan? In ci kuɗin marayu ke nan a kan abin da na riga na yi. In zubar? Ammu Sayyid yana ƙofa, kuma ko ba ya nan, rigar yaron Hajja zan jefa a bola? In raba wa mabuƙatan nan? Ba su aka ba ba. Ɗalibai da suka saba hawowa ɗakina shan shayi na hana su, na ce rufin yana yoyo, a garin da ruwan sama sai an yi sa'a. Yanzu a masallaci in an taso da maganar taimako sai a ce a tambayi Usta. Sanyi ya fara shigowa, ina kwana a kan barguna ta ƙasa, na kasa ciro ko ɗaya in rufa.

Mafi muni shi ne abin da na yi wa Hajja. Ta tambayi Ustaz wa ya samu shuɗiyar riga, ya ce cikin hayaniya bai lura ba. Sai ta tambaye ni ko ƙanena ya gani. Maimakon in yi shiru, na ce ya gani, wani yaro ne maraya. Ta ce ta yi masa daidai? Na ce kamar don shi aka saƙa. Ta ce sunansa wa? Na ce Habu, sunan da ya fara zuwa bakina. Ta goge ido da gefen mayafi, ta ƙara mini tsokar nama. Daga nan kowace Juma'a sai ta ce, "Ina labarin ɗana Habu?" Ni kuma in ƙaro ƙarya: ya shiga makaranta, ya yi mura ya warke. Na haifar wa matar nan yaro da bakina, ina yi mata renonsa mako mako.

Juma'ar da ta wuce, bayan kowa ya watse, ta ciro wata hula da ta saƙa da shuɗin zare irin na rigar. Ta ce, "Sanyi ya kusa a can ma. Ka nemi mai tafiya ya kai wa Habu, wannan ai ba ta da kilo." Na karɓa, na fito. Ban iya cin komai ba ranar.

Washegari da hantsi na jawo buhun da ƙunshinta yake ciki, na saɓa a kafaɗa na sauko. Ammu Sayyid ya dube ni ya ce, "Kayan maigida sun gama hutawa?" Na wuce shi. Na sami Hajja a gidanta tana tankaɗe. Na dire buhun, na farke ɗinkin, ƙamshin ya fito kafin kayan. Ta tsaya da rariya a hannu. Na durƙusa na ce, "Hajja, babu wani Habu. Kayan ɗanki ba su bar unguwar nan ba. Ni na cire su na sa kekena, kuma keken ma ba sadaka na yi ba, kuskure aka yi aka bayar. Na ci amanarki, na yi miki ƙarya a kan mamaci, na ci tuwonki a kan ƙaryar. Ki yafe mini don Allah."

Ta ajiye rariyar. Ta sa hannu ta ciro rigar, ta shinshina, ta ninke ta mayar. Sannan ta ce, "Ranar da na kwance ƙunshin nan na binne ɗana karo na biyu. Ba zan yi na uku ba. Ɗauki kayanka." Na ce ai nata ne. Ta ce, "Na marayu ne, kuma a hannunka na sa. Ba zan gaya wa kowa ba, ba aikina ba ne. Ranar da yaro mai rai ya sa rigar nan, ka zo ka sake tambayata maganar yafiya." Ta tura hular a cikin buhun, ta koma tankaɗenta.

Na sake hawa bene da shi. Ga shi nan inda yake.

Jama'a, ba ni da hanyar aika buhu biyu sai ta hannun maigida ko Ustaz, kuma duk wanda ya gan su ya san daga inda suka fito. In na faɗa, maigida zai iya sallamata, in koma gida ba aiki ba keke, a garin da ake sa wa mahaifiyata albarka saboda ni. Ina kuma tsoron labari ya kai wa Laure ta ji kunya ta ce a mayar mini da keken, alhali wallahi na bar mata har abada. In kuma na yi shiru, yara suna can da rabin bargo, ana zargin 'yan dakon da ba su ji ba ba su gani ba, ga Allah ya isan da na amsa da bakina.

Don Allah ku ba ni shawara kafin sanyi ya kankama. Me zan yi?

Naku,
Wani direba a Alƙahira